Al-Kindi: malamin Bagadaza da ya koyar da fasa saƙon sirri

Saƙon WhatsApp da ɗan Tanut ko Belbeji ke tura wa ɗan'uwansa a Libiya a kulle yake tafiya. Littafi mafi daɗewa da aka sani kan fasa saƙon sirri na Yaƙub bn Ishaƙ Al-Kindi ne, haifaffen Kufa wajajen 801.

Shi ya bayyana cewa wasu haruffa sun fi yawan fitowa, kamar alif da lam a Larabci, don haka ko an musanya su da alamomi, ƙidaya za ta tona su. Kullin zamani dai ya fi ƙarfin wannan dabarar.

Ya karantar da ɗan Halifa Mu'utasim, amma a zamanin Mutawakkil mahassada suka sa aka ƙwace littattafansa. Ya rasu wajajen 873, kuma sai a 1987 aka gano littafin nan a Istanbul.