Maikel Farade, ɗan maƙeri

An haifi Maikel Farade ran 22 ga Satumba 1791 kusa da Landan, a ƙasar Ingila. Ubansa maƙeri ne, matalauci. Yaron bai daɗe a makaranta ba. Da ya kai shekara 14, aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. Yana ɗinki, yana karanta abin da ke ciki. A 1812 ya je ya saurari wani babban masani, Hamfiri Debi. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika masa. A 1813 Debi ya ɗauke shi aiki a ɗakin gwaje-gwaje.

Daga baya aka gano lantarki na iya haifar da maganaɗisu, wato ƙarfin mayen ƙarfe. Farade kuwa so yake ya samu lantarki daga maganaɗisu. Ya yi shekaru yana gwadawa, bai dace ba.

Ran 29 ga Agusta 1831 ya ɗauki zoben ƙarfe mai faɗin wajen santimita 15. Ya naɗa wayar jan ƙarfe a gefe guda, ya naɗa wata a ɗaya gefen. Ya sa zare da ƙyalle tsakanin naɗin, don kada waya ta taɓa waya. Waya ta biyu ya haɗa ta da allurar awo. Da ya jona ta farko da batir, sai allura ta motsa, ta koma ta tsaya. Da ya cire batir, ta sake motsawa, amma ta ɗaya wajen. Ashe maganaɗisu ba ya haifar da lantarki sai yana canzawa! In naɗin waya ta biyu ya ƙaru, ƙarfin lantarkin ma ya ƙaru.

Da wannan dabara dinamon keke yake kunna fitila. Yau kuma masu bincike suna jera naɗaɗɗun wayoyi kewaye da bututu ko jikin mutum. Ɗaya ta aika maganaɗisu, sauran su karɓa, kwamfuta ta zana hoton abin da ke ciki. Girman naɗin, da yawansa, da inda aka aje shi, su ke sa hoton ya fito sarai ko dishi-dishi.

Farade ya yi suna ƙwarai, amma sau biyu yana ƙin shugabancin babbar ƙungiyar masana ta Ingila. Ya kan koyar da yara kimiyya lokacin hutun Kirsimeti. Ya rasu ran 25 ga Agusta 1867. Zoben nan nasa yana aje a Landan, a gidan da ya yi aiki.