Malam Abdullahi Mai Gwandu da Hanyarsa ta Koyarwa

Galibin waɗanda suka san sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ta wajen jihadi da sarauta suka san shi. Shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto cikin 1804, shi ya ci Birnin Kebbi cikin 1805, daga baya kuma aka danƙa masa yammacin daula, Gwandu ta zama mazauninsa. Amma mu yau ta fuskar malanta muke so mu dube shi. Dalili kuwa, a ƙasar tasa ta Gwandu yanzu akwai manyan asibitoci a Birnin Kebbi da Kalgo, asibiti kuwa makaranta ne ko ba a rubuta haka a ƙofarsa ba, gama kullum akwai sabon hannu da ke koyo wurin tsohon hannu a bakin gadon majiyyaci. Abin da ya dami Malam shi ke damun masu koya musu, watau yadda za a ba mai koyo ilmi gwargwadon ƙarfinsa, har ya iya aiki da shi.

An haife shi wajen 1766, Shehu ya girme shi da kamar shekara 12. Ya sauke Alƙur'ani wurin mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 aka miƙa shi ga wansa. Daga nan bai rabu da Shehu ba. Ya yi karatu a gabansa a zaure, ya kuma bi shi yawon wa'azi cikin Kabi da Zamfara, yana ganin yadda ake amsa wa baƙauye, da yadda ake amsa wa malami, da yadda ake tsayawa gaban sarki. Ya ɗauki ilmi wurin waɗansu shaihunai kuma, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Cikin 1812 ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta wurin kowannensu. Wannan ɗabi'a ce ta wanda ya san ilmi amana ne, a san hannun da ya fito da hannun da ya shiga.

Tun yana saurayi ya nuna inda ya tsaya kan karatun mata. Sa'ad da suna Zamfara, wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya soki Shehu don yana barin mata su halarci majalisinsa. Shehu ya sa Abdullahi ya mayar da amsa cikin waƙa, ya kuwa kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Duk wanda ya taɓa ganin haihuwa ta zo da gardama a ƙauyen da babu ungozoma mai ilmi, ba ya bukatar a fassara masa wannan hujja.

Wajen 1807 ransa ya ɓaci da ganin yadda waɗansu 'yan jama'a suka karkata ga dukiya da mulki, ya kama hanyar gabas da nufin aikin hajji. Mutanen Kano suka tare shi, ya zauna ya karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami kan tafiyar da hukunci, sa'an nan ya komo gida.

To, inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne tafsiri. Cikin 1816 ya gama Diya'ut Ta'wili, babban littafi mai zurfi, cike da nahawu da saɓanin ƙira'o'i da maganganun malamai. Da ya lura almajirai da yawa ba su iya hawansa, bai ce laifinsu ne ba. Sai ya sake zama ya rubuta Kifayatu Du'afa'is Sudan, ya rage nauyin, ya tsaya kan ruwayar Warshu wadda mutanen ƙasar nan suka saba da ita. Ilmi ɗaya, tsani biyu. Haka kuma ya ƙulla ilmin sarfu cikin baiti dubu a Hisnur Rasin, don hadda ta yi sauƙi a zamanin da takarda ke da tsada.

Wannan fa ita ce ƙa'idar da manyan malaman likita suka bi. An ruwaito cewa Abubakar Razi, likitan Farisa wanda ya rasu wajen 925, yakan zauna almajirai sun kewaye shi sahu sahu. Majiyyaci ya fara faɗa wa sahun farko ciwonsa, in sun gane su ba da amsa, in ya fi ƙarfinsu a wuce da shi gaba, sai abin ya gagari kowa malam ya yi magana. William Osler ma, da ya kama aiki a asibitin Johns Hopkins na Amurka cikin 1889, abin da ya yi suna da shi shi ne fitar da ɗalibai daga ɗakin lacca zuwa ɗakin majiyyata, su gani da ido, su taɓa da hannu, malami na tsaye. A ganinmu, babban likitan da ke zagayen safe ya jefa wa ɗalibar da ta zo jiya tambayar da ta dace da mai shekara biyar a aiki, ya kunyata ta gaban majiyyaci, bai koya mata kome ba sai ɓoye jahilcinta. Jahilcin da aka ɓoye a asibiti kuwa, majiyyaci ke biyan kuɗinsa, wani lokaci da ransa.

Malam Abdullahi dai bai yi suna da likitanci ba. Ɗan wansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ya fi yawan rubutu kan magani, har da littafi kan ciwon ido da wani kan basir. Amma shi ma ya bar Masalihul Insani, wanda sunansa kaɗai ya nuna ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki wuri guda, bai ɗauki kiyaye lafiya abin da ke wajen aikin malami ba. Magungunan wancan zamani na zamaninsu ne, ba mu ce kowa ya bar na asibiti ya koma musu ba. Hadda ma, kome kyaunta, ba ta koya wa hannu neman jijiya. Abin ɗauka wurinsa shi ne duban mai koyo kafin a buɗe baki.

Da Shehu ya rasu cikin 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, zukata suka ɗan yi tsami tsakanin baffa da ɗa, har Allah ya sa suka shirya a Kalambaina, inda Bello ya kawo masa gudunmawa. Bayan wannan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin al'amuran mulki, ya koma ga alƙalami da almajirai. Ya rasu a Gwandu cikin 1245 ta Hijira, watau 1829, can kuma kabarinsa yake. Muhammadu ya gaje shi, daga shi sai Halilu cikin 1833. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi da ke Aliero yanzu sunansa take amsawa. Allah ya jiƙan Malam, ya ƙara masa rahama.