Rufaida Al-Aslamiyya, Sahabiyar da Aka Damƙa wa Jinyar Sa'adu Ɗan Mu'azu

Daga cikin matan Madina da tarihin Musulunci ya adana sunayensu akwai Rufaida 'yar ƙabilar Aslam, Allah Ya ƙara mata yarda. Ibn Ishaƙ ya ambace ta a littafinsa na Sira a matsayin mai yi wa waɗanda aka raunata magani, mai sadaukar da kanta ga hidimar Musulmin da ba su da mai kula da su, don neman lada a wurin Allah. Ta kafa hemarta a cikin masallacin Manzon Allah (SAW), kuma a nan take karɓar majinyata. Shi ya sa marubuta da dama ke kiran ta ma'aikaciyar jinya ta farko a Musulunci.

Matsayinta ya fito fili a yaƙin Khandaƙ, a shekara ta 5 bayan Hijira (627 Miladiyya). Kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Aus, ta tsinke masa jijiyar hannu, jini ya yi ta zuba. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kwantar da shi a hemar Rufaida, domin ya riƙa duba shi daga kusa. A nan Sa'adu ya yi jinya har aka ɗauko shi a kan jaki ya yanke hukunci kan Banu Ƙuraiza. Bayan haka raunin ya fashe, ya yi shahada.

Ya kamata mu tsaya a kan wannan zaɓi. Sa'adu yana da dangi da jama'a masu iya ɗawainiya da shi, amma aka miƙa shi ga wadda ta san aikin. Haka shari'a ta tsara, domin Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mutum wajabcin koyo.

A yau nauyin ya ƙaru. Ma'aikaciyar jinyar da ke aiki a binciken sabon magani ita ce takan fahimtar da majinyaci abin da za a gwada a jikinsa kafin ya amince, ta ba shi maganin bisa ƙa'ida, ta rubuta duk illar da ta gani ba ragi ba ƙari. Kuskurenta guda na iya cutar da wanda ke gabanta, ya kuma ɓata sakamakon da za a gina lafiyar dubban mutane a kansa.

Jami'ar Jamia Hamdard da ke birnin Delhi a Indiya ta raɗa wa kwalejinta ta koyon jinya sunan Rufaida. Mu kuwa, abin da ya rage mana shi ne mu bar 'ya'yanmu mata su karanci wannan fanni har su ƙware, mu kuma taimaka musu da kuɗin karatu da addu'a. Allah Ya yarda da Rufaida da sauran sahabbai baki ɗaya.