KARL PEARSON: MALAMIN DA YA SHIGAR DA ILMIN ƘIDIDDIGA CIKIN AJI

A yau ɗalibai da yawa ba sa kammala jami'a sai sun ɗanɗani darasin ƙididdiga. Amma kafin shekarar 1890 babu wata jami'a a duniya da ke da sashe na musamman domin wannan fanni. Mutumin da ya fi kowa ɗawainiya wajen mayar da ƙididdiga darasin da ake koyarwa a aji shi ne Karl Pearson, wani shehin malami na ƙasar Ingila. Tarihinsa ya nuna yadda ake kusantar da ilmi mai wuya ga ɗan koyo, ya kuma nuna cewa gwanintar lissafi ba ta kare mutum daga son zuciya.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Pearson a birnin Landan ranar 27 ga Maris, 1857. Mahaifinsa babban lauya ne. A shekarar 1876 ya shiga Jami'ar Kambirij inda ya karanta lissafi, ya kuma zo na uku a jarrabawar ƙarshe ta 1879. Daga nan ya tafi Jamus, ya yi nazarin falsafa da adabi da tarihi a biranen Haidelbag da Balin. Da ya komo gida ya karanta shari'a, sai dai aikin lauya bai kwanta masa a rai ba. A 1884 aka naɗa shi farfesan lissafi a Kwalejin Jami'a ta Landan, inda mafi yawan ɗalibansa masu koyon aikin injiniya ne. Da yake ba dukkansu ne suka yi zurfi a lissafi ba, sai ya riƙa warware musu matsaloli ta hanyar zane a kan allo.

Laccocin Gresham

Daga 1891 zuwa 1894 Pearson ya riƙe kujerar farfesa a Kwalejin Gresham, wadda ke gabatar da laccoci kyauta ga jama'ar gari. Masu sauraronsa akawuna ne da masu sana'ar hannu da ma'aikatan kasuwanci, waɗanda kan zo da yamma bayan an tashi aiki. Irin waɗannan mutane ba a tsare su da dogon lissafi, domin in abu ya gundure su ba za su dawo ba. Saboda haka ya zaɓi ya nuna musu abu da ido kafin ya ba shi suna. Ya taɓa watsa dubban kwabbai a daɓen ɗakin lacca, ya sa mutane suka tsince su, suka ware waɗanda suka faɗi ta fuskar sarauniya da waɗanda suka faɗi ta baya. Da aka ƙirga sai aka tarar kashin biyu sun kusa daidaita. Ta haka mai sauraro ya gane da kansa cewa abin da ba a iya faɗin sakamakonsa a jifa ɗaya yana da tsari in an maimaita shi da yawa.

A cikin waɗannan laccoci ne ya fito da sunan histogiram, wato zanen ginshiƙai da ke nuna yawan aukuwar abu rukuni-rukuni. A 1893 kuma ya raɗa sunan da har yanzu ake kiran ma'aunin warwatsuwa da shi, wato adadin da ke nuna nisan da alƙaluma suka yi daga matsakaicinsu. Waɗannan abubuwa biyu su ne ɗalibi ke fara cin karo da su a makonnin farko na darasin ƙididdiga.

Kafa Sashe

Abokin aikinsa, Weldon, masanin dabbobi ne. Shi ya kawo masa awon ƙaguwa 1,000 da aka kamo a tekun Italiya, yana neman hanyar fassara su. Weldon ya kuma jefa ƙwayoyin ludo 12 har sau 26,306, ya rubuta sakamakon. Da irin waɗannan alƙaluma Pearson ya jarraba gwajin da ya ƙirƙiro a 1900, mai suna kai-sikweya, wanda ke auna ko abin da aka gani ya dace da abin da aka yi tsammani.

Tun 1894 ya fara koyar da ƙididdiga a matsayin darasi a kwalejinsa, kuma cikin ɗaliban farko akwai Udny Yule da Alice Lee. A 1901 shi da Weldon da Francis Galton suka kafa mujallar Biometrika. William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness, ya zo wurinsa ƙaro ilmi a 1906, kuma a 1908 ya buga gwajin da ake amfani da shi in samfurin bincike kaɗan ne. A 1911, da dukiyar da Galton ya bari wasiyya, aka kafa sashen ƙididdiga na farko a wata jami'a a duniya, Pearson ne shugabansa har ya yi ritaya a 1933.

Inda Ya Yi Tuntuɓe

Pearson mutum ne mai zafin jayayya. A 1922 Ronald Fisher ya nuna cewa akwai kuskure a yadda ake amfani da gwajin kai-sikweya a wasu jadawaloli. Gaskiya tana wajen Fisher, amma Pearson bai karɓi gyaran ba, gaba kuwa ta ɗore tsakaninsu.

Abin da ya fi wannan muni shi ne riƙonsa da aƙidar gyaran irin ɗan'adam, wadda ke cewa wasu jinsuna sun fi wasu daraja tun daga haihuwa. A 1925 ya buga wani bincike a kan 'ya'yan Yahudawa baƙin haure a Landan, ya yanke hukuncin cewa a dunƙule ba su kai 'yan ƙasa ba. Alƙaluman ba su isa su ɗauki wannan hukunci ba, ra'ayinsa ne ya riga binciken zuwa. Saboda wannan aƙida, a 2020 kwalejin ta cire sunansa daga wani gini nata.

Kammalawa

Pearson ya rasu ranar 27 ga Afrilu, 1936, yana da shekara 79. Malamin da ke koyar da 'yan shekarar farko zai amfana da hanyarsa ta Gresham: a fara da abin da ɗalibi zai taɓa ya ƙirga, a zana shi, sa'an nan a kawo ƙa'ida. Kuskurensa kuma ya cancanci a koyar da shi tare da gwaje-gwajensa, domin ɗalibi ya saba da tambayar wane ne ya tattara alƙaluma, ta yaya, kuma me yake fatan su nuna.