Likita Mila Na Zariya, Baturen Da Ya Mai Da Littafi Mai Tsarki Hausa

'Yan'uwa mazauna Kudu, duk wanda ya taɓa zama maƙwabcin Kirista ɗan Arewa, ko a Agege ne, ko Sabo ta Ibadan, ko can Mpape ta Abuja wajen masu fasa dutse, ya san shekararsu tana da nata lissafi. Sukan fara da makonni 4 na jiran haihuwar Almasihu, su yi Kirsimeti ran 25 ga Disamba. Daga nan sai azumin kwana 40, da Jumma'ar tunawa da gicciye, da Ista. Bayan mako 7 kuma sai Fentikos. Kowace rana da karatunta, kuma da Hausa ake yi a majami'u masu yawa. To, yau ga labarin mutumin da ya sha wahalar wannan fassara.

Sunansa Walter Miller, amma Zazzagawa Likita Mila suka sani. An haife shi a Ingila a 1872, ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew na London. Da ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S., sai aka tura shi Tarabulus, inda ya zauna da Hausawa fatake da alhazai yana koyon harshe daga bakinsu.

A 1900 ya bi ayarin Bishop Tugwell har Kano. Sarki Alu kuwa bai karɓe su ba, ya ce su tattara su bar masa gari. Suka koma Girku, inda ɗayansu ya rasu. Wani da sai ya haƙura ya koma gida, amma Mila ya nace, har a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Zaman bai yi masa sauƙi ba. Mutane suna zuwa karɓar magani, amma kaɗan ne ƙwarai suka bi addininsa. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi babu jituwa. Turawan mulki su ma suna ganinsa mai jawo musu rigima, domin ba ya ɓoye abin da ke bakinsa. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa, watau almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano tun kafin zuwan Turawa, suka neme shi. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, sai ciwon barci ya faɗa musu, mutane da yawa suka mutu, ƙauyen ya watse. Yaran da suka tsira su ne suka ƙarfafa makarantarsa.

A 1929 mishan ta tashi daga birni ta koma Wusasa, aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausawa. Shi Bartalamawas ɗaya ne daga manzannin Almasihu 12, ranar tunawa da shi kuwa 24 ga Agusta ce. Daga hannun wannan mishan Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likitan farko na Arewa, kuma a Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Babban aikin Mila shi ne fassara. Shekara da shekaru yana fama tare da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suna auna kalma ɗaya ɗaya, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Wannan ne ya sa Ngas da Bajju da Tangale, kowa da harshen gidansa, suke iya haɗuwa a majami'a ɗaya ran Kirsimeti su ji karatu da harshe guda. An sake yin waɗansu fassarori daga baya, amma a kan harsashinsa aka ɗora.

Da ya bar aikin mishan ya koma Ingila, amma zaman bai karɓe shi ba, sai ya dawo Nijeriya. A ƙasar Jos ya ƙare kwanakinsa a 1952, yana da shekara 80, can aka binne shi. Ya yi baƙunci na shekara 50 a ƙasarmu, ya koyi harshen masu gida har ya bar musu abin gado. Mu da muke zaman baƙunci a nan Kudu, sai mu duba.