Harry Lumsden: Hafsan da ya rina tufafin soja da launin ƙasa

Kalmar kaki ta daɗe a bakin Bahaushe har ba a jin baƙuncinta. Soja da mai yi wa ƙasa hidima da ma'aikacin da ke tare hanya duk masu kaki ne, kuma janar ɗin da ya koma siyasa akan ce ya tuɓe kaki ya sa babbar riga. Asalin kalmar dai daga Farisanci ne, ta biyo ta harshen Urdu, kuma ma'anarta launin ƙura ko turɓaya, wato kusan abin da ake kira ruwan ƙasa. Mutumin da ya fara sanya wa runduna guda tufafi masu wannan launi shi ne Harry Burnett Lumsden, wani hafsan Birtaniya da ya yi aikinsa a Indiya.

An haifi Lumsden ranar 12 ga Nuwamba, 1821, a cikin jirgin ruwa a tekun Bengal. Mahaifinsa, Thomas Lumsden, hafsa ne a sashen igwa na sojan Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin 'yan kasuwar Ingila da ya rikiɗe ya zama mai mulkin ƙasa. Tun yana ƙarami aka tura shi Birtaniya karatu. Ya komo Indiya yana ɗan shekara 16, aka ba shi muƙamin hafsa a 1838. Ya koyi harsunan mutanen ƙasar, abin da ya sa aka ɗauke shi tafinta a rundunar da ta kutsa mashigin Khyber zuwa Afganistan a 1842. A farkon 1846 ya samu rauni a gumurzun Sobraon, lokacin yaƙin Turawa da Sikhawan Punjab.

Bayan wannan yaƙi ne Henry Lawrence, wakilin Birtaniya a Lahore, ya ɗora masa nauyin kafa sabuwar runduna a Peshawar, garin da yau yake cikin Pakistan. A Disambar 1846, yana da shekara 25, ya kafa rundunar Guides, wato 'yan jagora. Aikinsu shi ne leƙen asiri da nuna wa manyan rundunoni hanya a duwatsun kan iyaka. Ya ɗebi mutanensa daga Pathanawa da Sikhawa da sauran ƙabilun yankin, ya fara da rukunin mahaya ɗaya da na dakaru biyu.

A wancan zamani sojan Birtaniya jar riga yake sawa, matsattsiya, ta ulu mai kauri. Ja yana da amfaninsa a filin daga na Turai, inda hayaƙin albarushi kan turnuƙe, kwamanda kuma yana bukatar ya gane nasa daga nesa. A duwatsun Peshawar kuwa, inda zafi ke gasa mutum kuma maharbi ke laɓe bayan dutse, jar riga gayyatar harsashi ce. Lumsden da mataimakinsa William Hodson suka zaɓi riga da wando masu yalwa irin na mutanen yankin, na auduga, aka rina su da launin ƙasar wurin. Daga cikin abin da aka yi rinin da shi har da ruwan wata irin kaba da ake kira mazari. Zuwa 1848 wannan ya zama tufafin rundunar. Rinin bai da kyan gani, yana koɗewa, kuma da wuya a samu riguna biyu masu launi ɗaya, amma mai sanye da shi kan saje da ƙura.

Rundunar ta yi suna a kewaye birnin Multan da yaƙin Gujrat a 1849. Sai dai babbar ranarta ta zo ba ya nan. A 1857 an aike shi Kandahar tare da ƙanensa Peter, yana can boren sojojin Indiya ya ɓarke. Mutanensa, ƙarƙashin Henry Daly, suka taka daga Mardan zuwa Delhi, tafiyar sama da kilomita 800 a tsakiyar bazara, cikin ƙasa da wata guda. A bakin ganuwar Delhi sojojin Turawa suka kwaikwaye su, suna rina fararen tufafinsu da taɓo da shayi da tawada. Daga nan kaki ya fita daga hannun runduna ɗaya.

Lumsden ya koma kan rundunarsa, a 1860 wani mutum ya kai masa sara ya ji masa ciwo a hannu. A 1862 aka ba shi shugabancin rundunar Hyderabad, ya riƙe ta har 1869. An ba shi lambar girma ta Sir a 1873, ya yi ritaya a 1875 da muƙamin laftanar janar. Ya rasu ranar 12 ga Agusta, 1896, a Belhelvie kusa da Aberdeen, yana da shekara 74.

Abin da ya fara ya ci gaba ba tare da shi ba. Sojojin da suka shiga Habasha a 1868 sun sa kaki. A 1884 aka yi rajistar rinin kaki da ba ya zuba a Ingila, masaƙu suka samu damar fitar da yadi mai launi ɗaya. Yaƙin Ginnis na Sudan a ƙarshen 1885 shi ake lissafawa a matsayin na ƙarshe da sojan Birtaniya ya yi cikin jar riga. Da bindigogi masu cin dogon zango da albarushi marar hayaƙi suka yawaita, ɓuya ta zama tilas, yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 kuma ya tabbatar da haka. A 1915 Faransa ta kafa sashen ɓad da kama, ta zuba masu zane a ciki, kuma daga irin wannan aiki ne yadi mai dabbare-dabbare ya samo tushe.

Ƙasar Hausa ta ga kaki a jikin rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda Hausawa da Yarabawa suka fi yawa a cikinta. Kayan faretinta kaki ne da jar dara da jar falmaran. Ita ce ta ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris na wannan shekara, ƙasar Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama suke ciki, ta shiga hannun Turawa. A nan ma'anar tufafin ta juya. Jama'ar da suka saba gane iko da ja da koren dogari suka koyi gane shi da launin ƙasa. Abin da aka ƙirƙira domin kada a ga soja ya zama alamar da ake gane hukuma da ita tun daga nesa. Ko da gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, kaki ta ɗinka wa matasan.

Kasuwar tufafi ma ta ci gajiyarsa. Doguwar kwat ɗin ruwa da hafsoshi suka sa a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda kamfanin Burberry ya yi suna da ita, ta koma kayan 'yan birni. Rigar safari mai aljihu huɗu, da ma'aikatan gwamnati suka daɗe suna shiga ofis da ita, daga rigar hafsoshi ta fito. Haka nan jaket mai launin ganye da ke fitowa cikin dilar gwanjo, wadda ɗan acaɓa daga Gehuru zuwa Jega kan nema idan hunturu ya kama.

A nan ne 'yan kasuwa ke bukatar lura. Wandon kaki ko rigar safari ba laifi ba ne, amma dokar Najeriya ta hana farar hula shiga kayan soja, rundunar soja kuma ta sha gargaɗin masu sawa da masu sayar da yadin dabbare-dabbare. Dalilin a bayyane yake a Arewa maso Yamma, inda aka sha ba da rahoton 'yan bindiga sun shiga ƙauye cikin kakin soja, mutane suka ɗauka masu ceto ne. Lumsden ya rina tufafi domin ɓoye soja daga idon abokin gaba. Bayan shekara sama da 170, mai laifi ne ke ɓuya a cikinsu, yana cin amanar da jama'a suka ba launin.