George Lyon

George Seymour Lyon (27 ga Yuli, 1858 – 11 ga Mayu, 1938) ɗan wasan golf ne daga ƙasar Kanada, wanda ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta 1904.

Farkon rayuwa

An haife shi a Richmond, cikin Ontario. Ya fara suna a wasan kurket, bai kama golf ba sai yana da shekara 38.

Gasar Olamfik

A St. Louis ta Amurka, 'yan wasa sama da 70 suka shiga gasar. Uku 'yan Kanada ne, sauran duk Amurkawa, babu ko ɗaya daga Birtaniya. An tantance su da ramuka 36, aka ɗauki 32 na sama. Lyon ya doke Chandler Egan, zakaran Amurka, a wasan ƙarshe.

A gasar Landan ta 1908, 'yan Birtaniya sun janye saboda saɓani, ya rage shi kaɗai. An yi masa tayin zinaren, ya ƙi karɓa tunda bai kara da kowa ba. Golf bai koma Olamfik ba sai 2016.

Mutuwa

Ya rasu a Toronto yana da shekara 79.